Marubuci Da Editansa: Waiwaye A Kan Dokta East Da Marubutan Gasar 1933

Littattafai biyar ne suka fito daga gasar ƙaga labarai ta shekarar 1933, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi na John Tafida. A bangon guda ɗaya tak daga cikinsu, watau na ƙarshen, aka sa sunan Dokta R. M. East, alhali kuwa babu ko ɗaya da bai bi ta hannunsa ba kafin ya isa maɗaba'a. Manazarta adabin Hausa sun yi shekara da shekaru suna feɗe jigo da salo da zubi da tsarin waɗannan littattafai, galibi kamar daga alƙalamin mawallafi suka faɗo kai tsaye cikin hannun ɗalibi. Mutumin da ya zauna tsakani, wanda ya ce a cire wannan a bar wancan, ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Wannan giɓi ne a fagen nazari, kuma ya ƙara zama abin kulawa yanzu da marubucin Hausa ya sami abin da marubutan 1933 ba su samu ba, watau damar zaɓen wanda zai danƙa wa rubutunsa.

Kalmar "edita" ta ƙofar aikin jarida ta shigo Hausa, kuma har yau ma'anarta a bakin mutane da yawa ba ta wuce mai duba kurakurai ba: wanda zai sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, ya raba "a kan" da "akan", ya gyara aya da waƙafi. Wannan aiki wajibi ne, amma yaɓe ne, sai an gama gini ake yin sa. Editan da ake magana a kansa a nan shi ne mai duba harsashi da ginshiƙai, wanda zai iya ce wa mawallafi labarin nan daga babi na uku ya kamata ya fara, ko kuwa bakin da ke ba da shi bai dace ba, ko kuwa taurari biyu suna yin aikin da ɗaya zai wadatar. Mai yaɓe ko ya yi kuskure, ana iya kankarewa. Mai taɓa ginshiƙi kuwa, in ya yi daidai ya tsayar da gida, in ya kuskure ya rushe shi, kuma ko ta wace hanya sunan mawallafi ne ke bango.

East ma'aikacin ilmi ne na gwamnatin Turawan mulki, kuma shi ke riƙe da Hukumar Fassara ta Zariya, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi. Buƙatar da ke gabansa a sarari take: an buɗe makarantu, an koya wa yara karatun boko, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Saboda haka ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙaga labarai. A cikin maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana wuyar da ya sha wajen shawo kansu, domin a ganin malamai rubutu abu ne mai alfarma da aka keɓe wa addini da ilmi, ƙaga labari kuwa aikin tatsuniya ne, na mata da yara. Waɗanda suka amsa kiran yawancinsu masu ilmin boko ne, wasunsu ma ma'aikata ne a ƙarƙashin wannan sashe na ilmi da East yake babba a cikinsa. To, a nan babu zancen zaɓe. Edita guda ne, shi ne alƙalin gasa, shi ne mai gyara, shi ne mai ɗab'i, kuma makarantun gwamnatinsa ne kasuwa.

Abu na farko da wannan tarihi ke nunawa shi ne edita ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa ne da mai karatun da aka ɗauke shi aiki dominsa. Mai karatun East ɗan makaranta ne. Wannan shi ya ƙayyade tsawon littattafan, wanda duk ba su wuce a karance su cikin zama biyu ko uku ba, shi ya ƙayyade sauƙin jimlolinsu, shi kuma ya shata iyakar abin da za a iya faɗa game da mulki da mata da Turawa. Ganɗoki ya yaƙi Nasara a farkon littafi, amma da ya dawo daga ƙasashen aljannu sai ya tarar da ƙasa ta zauna lafiya, makarantu sun bunƙasa, har ya yaba. Ko Bello Kagara ne da kansa ya ga haka ya dace, ko kuwa ya san inda rubutun zai je, sakamakon ɗaya ne: inuwar mai karɓar rubutu tana faɗawa kan takarda tun kafin a miƙa masa ita.

Dangantakar East da Abubakar Imam ita ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ta fi daɗewa, ita kuma ta fi haihuwa. Imam yana da shekara 22 a duniya, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai ga Maƙamat na Hariri zai gane ƙamshinsa a littafin: mai ba da labari yana yawon duniya, a kowane gari sai ya yi kiciɓis da tsohon abokin damfararsa cikin sabuwar kama. Yadda Harisu ɗan Hammamu yake cin karo da Abu Zaidi, haka Alhaji Imam yake cin karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, sai dai a wajen Imam cutar ta zama ta ramuwa, yau wannan ya ci wancan, gobe wancan ya rama. A cikin tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, an ga yadda East ya ja hankalinsa a kan wuraren da ya ɗebo daga littattafan wasu.

Abin sha'awa, shekara uku bayan gasar, watau a 1936, East ɗin nan da ya yi ƙorafin aro shi ne ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina na wata shida, ya zaunar da shi a Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ce ya ɗiba. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. Wanda bai duba da kyau ba sai ya ce East ya yi amai ya lashe. Amma abin da ya hana a 1933 daban yake da abin da ya koyar a 1936. Ya hana a ɗauko labari ɗanye a dasa. Ya koyar da a narkar da shi har ya ɓace cikin harshe da al'adar mai karatu. Labarin Kalala da Kalalatu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm ya fito, inda wata kuku ta cinye kaji biyu da aka soya don baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigidanta ke wasawa, ta kuma ce wa maigidan baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mai da kuku matar aure, ya mai da ubangida miji, nan take labarin ya koma na cikin gidan Bahaushe, da dukkan abin dariyar da ke tsakanin miji da mata. Haka aka yi wa mai sarewar garin Hamelin har ya zama Sarkin Busa. Shi kansa akun da ke riƙe da zaren littafin daga Indiya ya taso, inda yake ba wata matar aure labarai kowane dare don ya hana ta fita wurin kwartonta. A Magana Jari Ce sai ya zama yana tsare Musa ɗan sarki ne daga fita ya faɗa tarkon Waziri. Ga narkarwa ta ƙwarai, ga kuma ɗan makarantar nan da aka ambata yana leƙowa ta bayanta, domin ba za a kai labarin kwartanci aji ba.

A nan ne gwanintar East ta fi bayyana. Ya karanta rubutun saurayi ɗan shekara 22, ya gane inda ƙarfinsa yake, watau raha da iya sa magana a bakin mutane da gajeren labari mai kaifi, ya kuma gane inda rauninsa yake, watau riƙe dogon zare guda. Ruwan Bagaja, in an cire niyyar neman ruwan da ta buɗe shi ta kuma rufe shi, jerin aukuwa ne da za a iya sauya wa wuri ba tare da an yi hasarar kome ba. Sai East ya samo masa zubin da raunin zai zama ƙarfi, watau labari cikin labari, inda ba a bukatar kowane ya haifi na gaba da shi. Samun editan da zai gane mutum haka tun bai gane kansa ba, babban rabo ne.

Amma ribar ba ta zo kyauta ba, kuma ya kamata a faɗi haka ko da ba zai yi wa masoya Magana Jari Ce daɗi ba. East bai tura Imam ya yi kokawa da rauninsa ba, kewaye masa shi ya yi. Sa'an nan a 1939 ya ɗora shi a kan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga nan kuma alƙalaminsa ya karkata ga aikin jarida da littattafan ilmi da tarihi, irin su Ikon Allah da suka rubuta tare. Har Imam ya rasu a 1981 bai sake rubuta dogon ƙagaggen labari guda ba. East ya dace da Imam mai rubuta littafin makaranta, ya dace da Imam ɗan jarida. Imam mai ƙaga dogon labari kuwa, da wanda ya kamata ya zama a shekara arba'in, bai sami editansa ba, domin hukumar da East ke wa aiki ba shi take nema ba.

Jiki Magayi ya nuna wani gefe na al'amarin. A cikin biyar ɗin nan shi ne wanda kowace aukuwa take haifar da mai bi mata: Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, sammun ya faɗa kan Kyauta, Kyauta ya lalace har ya zama ajalin mahaifinsa. Ba a iya zare babi guda ba tare da ginin ya girgiza ba. Wannan ɗaurin, wanda ya fi kama da na labaran Turai fiye da na hikayoyin Gabas, shi ya sa littafin ya yi fice, kuma ba abin mamaki ba ne da ya kasance shi ne mai ɗauke da sunan East. Sa sunan nan gaskiya ce da ta cancanci yabo, domin idan hannun mai gyara ya kai ga ƙulla zaren labari, ya tashi daga edita ya zama abokin talifi. Editoci da yawa a duniya sun kai wannan matsayi sun yi shiru, mai nazari ya yi ta yabon mawallafi a kan abin da ba nasa ba, ko ya zarge shi a kan abin da aka ɗora masa.

Hanyar da ta fi inganci wajen auna aikin edita ita ce a sami rubutun farko da na ƙarshe a jera su. Adabin Amurka ya ba da misali mai kyau na wannan. A 1957 wata matashiya daga jihar Alabama, Harper Lee, ta miƙa wa kamfanin Lippincott rubutu mai suna Go Set a Watchman. Labari ne na wata budurwa 'yar shekara 26 da ta dawo gida daga Niyu Yok ta tarar mahaifinta, lauya Atticus, yana zama da masu goyon bayan wariyar launin fata. Editar da aka haɗa ta da ita, Tay Hohoff, ta ga cewa ran rubutun yana cikin 'yan wuraren da budurwar ke tuna ƙuruciyarta. Suka yi fiye da shekara biyu suna juya shi, har ya fito a 1960 da sunan To Kill a Mockingbird: an mai da zamanin baya da kusan shekara 20, an sa labarin a bakin yarinya, shari'ar wani baƙar fata da aka ambata a taƙaice a rubutun farko ta zama tsakiyar littafi, har hukuncinta ma ya sauya daga sallama zuwa ɗauri. Littafin ya ci lambar Pulitzer a 1961, ya shiga makarantu a ƙasashe da dama.

Da aka buga rubutun farkon a 2015, sai ma'auni ya samu. Ta fuskar fasaha babu gardama, Hohoff ta yi gaskiya: littafin 1960 ya fi tsari, ya fi rai, na 1957 kuwa cike yake da dogayen muhawarori da ba su narke sun zama labari ba. Sai dai an ga abin da aka binne. Rubutun farko yana tuhumar mutumin kirki mai ilmi da ke zaune lafiya da zalunci. Na biyu ya mai da wannan mutumin gwarzo wanda Bature mai karatu zai so ya ga kansa a cikinsa. An sami littafi mafi kyau, an kuma sami littafi mafi sauƙin haɗiya. Mawallafin da ke neman edita yana bukatar ya san tun da wuri wane abu ne a cikin rubutunsa ba zai sayar ba ko da za a ba shi kyawun tsari a madadinsa, domin edita nagari ma yana iya sayen wannan abin daga hannunsa, da kyakkyawar niyya.

A ƙasar Hausa tsarin edita guda mai hukuma a bayansa ya ci gaba ta hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC daga 1966, har zuwa gasar da ta fito da So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata da Amadi Na Malam Amah a 1980. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka janye daga ƙagaggun labarai, sai marubuta, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. An yi ta kukan lalacewar ƙa'idojin rubutu a waɗannan littattafai, kuma kukan yana da dalili; an kuma ga labarin da zai ƙare a littafi ɗaya an ja shi zuwa na uku don ciniki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rashin mai tsaron ƙofa ne ya bar muryoyi irin na Balaraba Ramat Yakubu suka fito yadda suke. Da wuya editan da ke tunanin manhajar sakandare ya bar Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ya faɗi abin da ya faɗa game da mazan da ke wofintar da iyalansu, da irin zafin da ya faɗe shi.

Marubucin yau, wanda sau da yawa a wayar hannu yake rubutu yana sakin labari babi babi, shi ke da wuƙa da nama, amma zaɓen nasa yakan faɗa ɗayan wuri biyu. Ko dai ya kai wa aboki, wanda zai yaba don kada zumunci ya ɓaci, ko kuwa ya kai wa malamin jami'a don ya sami ta'aliƙi da babban suna a shafin farko. Malamin nahawu ya san ƙa'ida, amma sanin ƙa'ida bai ba shi kunnen labari ba, kuma akwai ɓarnar da masu ƙa'ida suka fi kowa yi, watau daidaita karin harshe a bakin taurari. Idan tsohuwa Basakkwata ta ce "mi kaka so" ko "yat tahi", mai gyara ya mayar da su "me kake so" da "ya tafi", to ya gyara rubutu ya kashe tsohuwa, domin da ita da jikanta ɗan jami'a sun koma magana da baki ɗaya. Marubucin Maraɗi ko Damagaram da ya kawo rubutunsa Kano ya fi kowa fuskantar wannan. Daidaitacciyar Hausa hakkin mai ba da labari ce in mawallafi ya so. Bakin taurari nasu ne. Babi guda da za a ba mai gyara ya gwada hannunsa a kai ya isa ya nuna ko ya san wannan bambanci, ya kuma nuna ko tambaya yake yi a gefen takarda ko kuwa sake rubutawa yake yi da nasa salon.

Akwai kuma matsalar da ba ta gwaninta ba ce, ta zuciya ce, wadda labarin Thomas Wolfe ya fito da ita fili. Wolfe marubuci ne mai ambaliyar kalmomi, wanda ba ya iya tsayawa. Maxwell Perkins na kamfanin Scribner, editan Fitzgerald da Hemingway, shi ya karɓi rubutunsa na farko, ya sa aka zubar da kalmomi fiye da dubu 60, ciki har da doguwar buɗewa a kan ƙuruciyar mahaifin tauraron a lokacin yaƙin basasar Amurka, littafin ya fito a 1929 da sunan Look Homeward, Angel. Sai a shekarar 2000 aka buga cikakken rubutun da sunansa na asali, O Lost. Littafi na biyu, Of Time and the River, sun yi watanni suna zama da dare a kansa, Perkins yana yankewa, Wolfe yana ƙaro sababbin shafuka a gurbin da aka yanke, har Perkins ya aika da shi maɗaba'a lokacin da Wolfe ya yi tafiya. Ya fito a 1935, Wolfe ya sadaukar da shi ga Perkins, ya kuma bayyana wa duniya irin taimakon da ya samu. Wannan godiya ce ta zame masa makami a hannun abokan hamayya. A 1936 mai sharhi Bernard DeVoto ya rubuta cewa basirar tsara littafi ba a kan Wolfe take ba, a ofishin Scribner take.

Maganar ta soki Wolfe inda ba ya iya jurewa. A ƙarshen 1937 ya bar Perkins ya koma kamfanin Harper, wurin wani edita matashi, Edward Aswell, don ya nuna wa duniya yana iya tsayawa da ƙafarsa. A 1938 ya danƙa wa Aswell tulin rubutu wanda bai kammala ba, ya tafi yawo yammacin ƙasar, ciwo ya kama shi a can. Daga gadon asibiti ya rubuta wa Perkins wasiƙar sulhu, ya rasu a watan Satumba yana da shekara 37, kuma Perkins ɗin ne wasiyyinsa a kan rubuce-rubucensa. Daga cikin tulin nan Aswell ya yanka, ya jera, ya sauya sunayen taurari don su dace da juna, ya rubuta sassan haɗi da hannunsa, ya fitar da The Web and the Rock a 1939 da You Can't Go Home Again a 1940, duka biyu da sunan Wolfe shi kaɗai a bango.